Yadda za ka bi diddigin kuɗin asibitin mazaɓarku

Jihar Katsina na da mazaɓu 361, kuma manufar gwamnati ita ce kowace ta samu aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya da ke amfana da asusun lafiya na BHCPF. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta kafa asusun, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso yana shiga asusun bankin asibitin kai tsaye, wata uku-uku, domin magani, ƙananan gyare-gyare da fita rigakafi.

Da farko ka tabbatar asibitinku na cikin waɗanda ake turo wa kuɗin. Shugaban asibitin zai iya faɗa maka. Kada ka je kai kaɗai. Nemi shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, don da sa hannunsa ake fitar da kuɗi, in da hali ku tafi da wakilin mai unguwa da wata daga cikin matan da ke zuwa awo. Ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku cikin mutunci. Sau da yawa kuɗin ne ba su iso a kan lokaci ba, ba ma'aikaci ne ya ci ba.

Ku nemi ganin takardu uku: tsarin kashe kuɗi na wata ukun, takardar bayanin asusu daga banki, da rasitai.

Babban aikin yana nan: a gwada takarda da abin da ido ya gani. Idan rasit ya ce an sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, ku shiga sito ku duba katin kaya, nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage a kanta, kuma yaushe zai lalace. Idan an rubuta an gyara famfo, a buɗe shi a gabanku. Ku tambayi masu jego ko an karɓi kuɗinsu a kan abin da aka ce kyauta ne. Odita, wato mai binciken kuɗi na gwamnati, yakan zo ya duba takardu ya koma, ku ne kuka san ko akwai wuta a ɗakin haihuwa da daddare. Ni a ganina wannan shaidar ta fi kowane rasit nauyi.

Idan an hana ku takardu, ku rubuta wasiƙa zuwa Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha, ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

In lissafi ya ƙi daidaita, ku haɗa hotuna da ranaku ku kai ofishin Babban Odita na jiha, ku aika kwafi ga kwamitin binciken asusun gwamnati na Majalisar Dokokin jiha. Idan akwai rasit na bogi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC za a nufa. Kada ku saka sunan kowa a Facebook kafin a kammala bincike.