Yadda za ka rubuta JavaScript na farko: shafi mai haɗa lissafi

HTML ne ke gina shafi, CSS ya yi masa kwalliya, amma in kana son shafin ya amsa idan an danna wani abu, sai da JavaScript. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1995, kuma JavaScript da Java, wani yaren kwamfuta ne daban, suna ne kawai ya haɗa su. Ba sai ka sauke komai ba, burauzar da ke kwamfutarka ce za ta karanta shi ta aiwatar.

Buɗe Notepad ko VS Code. Kada ka yi amfani da Word, domin yana lanƙwasa alamomin zance, burauza kuwa ba ta gane lanƙwasassu. Rubuta wannan, ka adana shi da suna lissafi.html:

```
<input id="farko"> <input id="biyu">
<button id="danna">Jimla</button>
<p id="amsa"></p>
<script>
document.getElementById("danna").onclick = function () {
  const a = document.getElementById("farko").value;
  const b = document.getElementById("biyu").value;
  document.getElementById("amsa").textContent = a + b;
};
</script>
```

Duba sunan fayil ɗin da kyau. In ya koma lissafi.html.txt, rubutun kawai za ka gani ba shafi ba.

Yanzu buɗe shi a burauza, sa 5 a akwatin farko, 3 a na biyu, ka danna Jimla. Amsar da za ta fito ita ce 53.

A nan yawancin masu koyo ke rikicewa, alhali burauzar abin da aka ce mata ta yi. Duk abin da aka ɗauko daga akwati da `value` rubutu ne, ko da lamba aka buga a ciki. Alamar + kuwa aiki biyu gare ta: tsakanin lambobi tarawa take yi, tsakanin rubutu biyu sai ta manne su wuri ɗaya. Maganin shi ne ka mayar da su lamba tukuna, wato ka maye gurbin `a + b` da `Number(a) + Number(b)`. Sake gwadawa, 8 za ta fito. In wani ya buga harafi maimakon lamba, NaN za ka gani, ma'ana abin ba lamba ba ne. Akwatin da aka bari fayau kuma sifili ake ɗaukarsa, shiru ba gargaɗi, wannan ya fi haɗari.

Ka lura `script` ɗin a ƙasa yake. Burauza daga sama take karatu zuwa ƙasa, don haka in ka kai shi sama da maɓallin, zai nemi abin da ba a riga an gina ba, ya samu `null`, wato babu komai, aiki ya tsaya cak. Haka nan babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne: `getElementByID` da babbar D ba zai yi aiki ba.

Duk lokacin da ka danna ba abin da ya motsa, kada ka hau canje-canje da ka. Danna F12, shiga Console, wato sashen da burauza ke nuna saƙonninta. Jan rubutu zai faɗa maka kuskuren da lambar layin da yake. In ba ja ko ɗaya amma amsa ba daidai ba, saka `console.log(typeof a)` bayan layin `const a`, ka ga a Console ko `string` ne, wato rubutu, ko `number`, wato lamba.