Masu son littattafan ƙasashen ƙanƙara: inda ake yawan yin tuntuɓe

A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ba abin mamaki ba ne mutum ya kamu da son littattafan ƙasashen ƙanƙara. Muna da yawa yanzu, daga nan har Marwa da Gaundare da Injamena, masu miƙa wa juna labaran tafiye-tafiye da na dabbobi da tsuntsaye, wannan ya karanta ya ce wa wancan, "Malam, kai ma ka nema." Sai dai akwai kurakuran da suke ta dawowa, wajen mai ba da shawara da wajen mai karɓa, kuma yawancinsu tushensu ɗaya: ana karanta labarin ƙanƙara kamar tatsuniya, ba a tambayar ina ne, yaushe ne, wa ya rubuta.

Wanda ya fi yawa shi ne cakuɗa arewa da kudu. Za ka ji mutum a majalisar shayi yana ba da labarin farin beyar da ke farautar tsuntsun fengwin. Waɗannan biyu ba sa haɗuwa sai a gidan zu: beyar na arewa ne, fengwin na kudu. Ƙuryar arewa, wato can ƙarshen duniya ta arewa, ma ba ƙasa ba ce, teku ne da ya daskare, Rasha da Kanada da Alaska da Girinland da Norway suka kewaye shi, kuma mutane suna zaune a gefensa tun shekaru dubbai. Antatika kuwa, a kudu, nahiya ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 14 da teku ya kewaye, ba ta da ɗan asali ko ɗaya, sai masu bincike da ke aiki ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959. Lokutan shekara ma a juye suke. Sanyin da aka auna a tashar Vostok, digiri 89.2 ƙasa da sifili, ranar 21 ga Yuli 1983 ne, lokacin da mu muke tsakiyar damina, Turawa kuma suna kukan zafi. Maganin bai da wuya: kada ka buɗe irin wannan littafi ba taswira kusa da kai, ko ta waya ce. Mai yaba littafi kuma ya fara da faɗin wace ƙurya ce.

Sai zancen wata shida dare, wata shida rana, wanda kullum tambaya ɗaya ke biyo bayansa: "To, yaya suke salla da azumi?" A daidai ƙuryar kawai hakan ke faruwa, kuma ba gari a can. Da zarar ka yi nisa da ita, kwanakin da rana ba ta faɗuwa suna raguwa. A birnin Tromso na Norway wajen wata biyu ne, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kuma Musulmi da yawa a can lokacin Makka suke bi a irin waɗannan watanni.

Alƙaluma ma suna yaudara. Mu da muka yi boko da Faransanci mun saba da Selsiyos da kilomita, amma tsofaffin littattafan Ingila da Amurka da Faranhait da mil suke lissafi. Idan marubuci ya ce sanyi ya kai sifili, kai a ma'auninka wajen 18 ne ƙasa da sifili. In za ka mai da Faranhait Selsiyos, ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9. A 40 ƙasa da sifili ne kawai ma'aunan biyu suke zama ɗaya. Mil kuma kilomita 1.6 ne, na teku ya ɗan fi, wajen 1.85.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ɗaukar bakin marubuci ɗaya a matsayin shari'a. Dubi tseren zuwa ƙuryar kudu. Wanda ya karanta na Ingila kaɗai zai fito yana ganin Robert Scott gwarzo ne da ƙaddara ta ci, Roald Amundsen na Norway kuma ɗan wayo ne da ya yi masa shigar sauri. Amundsen ya isa ranar 14 ga Disamba 1911, ya dawo da mutanensa lafiya. Scott ya isa 17 ga Janairu 1912, shi da abokan tafiyarsa huɗu duk suka rasu a hanyar dawowa. Ajali gaskiya ne, amma akwai sababi. Amundsen ya zauna da mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin ƙanƙarar arewa, a arewacin Kanada shekaru kafin wannan tafiya, ya koyi sa tufafin fata da tafiya da karnuka, da karnuka kuma ya je kudu. Scott ya dogara da ƙananan dawakai da motocin da suka lalace, a ƙarshe mutanensa da ƙirjinsu suka riƙa jan kaya. Ba ka fahimtar wannan sai ka karanta ɓangarorin biyu, kuma littattafansu sun tsufa har ana samun su kyauta a intanet.

Ka kuma riƙa neman waɗanda aka bari a gefen shafi. A 1909 Robert Peary ya ce ya isa ƙuryar arewa, maganar da masana ke shakka har yau. Tare da shi akwai Matthew Henson, baƙar fata ɗan Amurka da ya iya harshen Inuwit, da 'yan ƙasa huɗu masu tuƙa karnuka. Peary ya kwashe lambobin yabo, Henson ya yi shekaru da yawa ba a ko ambatonsa, alhali shi ma ya rubuta nasa littafin a 1912. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni da wanne zai fara, nakan ce da na Tété-Michel Kpomassie, ɗan Togo da ya ci karo da littafi kan Girinland yana yaro a Lome, ya kama hanya yana aiki daga gari zuwa gari har ya isa can a 1965. Littafinsa, L'Africain du Groenland, ya fito a 1981, da Faransanci, kuma abin da idonsa ke kamawa irin namu ne: yadda ake karɓar baƙo, yadda ake rabon nama, yadda ake renon yara.

Masu ba da shawara su ma su gyara. Kada ka yaba abin da ba ka karanta ba don ka ji ana yabonsa, idan ji ka yi, ka ce ji ka yi. Kada ka miƙa wa ɗan Marwa da ya yi karatu da Faransanci bugun Ingilishi mai kauri, alhali ga Paul-Émile Victor da Jean Malaurie, Faransawa da suka yi rubutu kan ƙasashen ƙanƙara. Sabon shiga kuma a ba shi labari mai tafiya, irin na Ernest Shackleton: ƙanƙara ta matse jirginsa Endurance har ya nutse a 1915, shi kuma ya ratsa teku wajen kilomita 1,300 a ƙaramin kwalekwale don neman agaji, mutum 28 na jirgin duk suka tsira. Faɗin ƙarshen irin wannan labari ba ya ɓata shi, daɗin yana cikin yadda aka yi. Kuma ka faɗi inda za a nemi littafin, ko ɗakin karatun Alliance, cibiyar koyon Faransanci, a Garwa ko na Institut français a Injamena, ko wajenka.

In wajenka ne, ka rubuta sunan mai aro da ranar. Littafi yakan dawo da zoben kofin shayi a bangonsa, ƙurar hunturu a tsakanin shafuka, ko kuma gara ta ci gindinsa saboda an ajiye shi a ƙasa jikin bango. Leda da kanta sun isa.

Akwai kuma mai haddace dabbobin Antatika amma bai san tsuntsun da ke bakin Binuwai ba. Alhali arewa mai nisa da kanta take zuwa mana. Wasu tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙyanƙyasa a arewacin Rasha da Sikandinebiya, a fadamun Logon da Tafkin Chadi suke cin hunturu. Amma kada a sa shamuwa cikinsu, kamar yadda wasu ke yi. Ita ba ta zuwa Turai, da damina take sheƙa a wajenmu, sannan ta gangara kudancin Afirka. Littafin tsuntsayen Turai zai ruɗe ka a nan, na Afirka ta Yamma za ka nema. Ka fita da sassafe tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bakin Binuwai ko Shari ma ya wadatar, ka rubuta rana da wuri da launin baki da tsawon ƙafa kafin ka buɗe littafin, domin in ka fara duba hoto, idonka zai ga abin da ke cikin hoton ne.