Yadda ake gane zafin ƙwannafi da abin da ya kamata a yi

A ƙarshen maƙoshi, inda yake haɗuwa da tumbi, akwai wata tsoka mai kama da zobe. Tana buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako, sai ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya hauro sama. Bangon tumbi yana da kariya daga wannan ruwa, na maƙoshi kuwa ba shi da irinta, shi ya sa ake jin raɗaɗi.

Da farko duba wurin. Zafin ƙwannafi yakan taso daga ƙahon zuci ya bi tsakiyar ƙirji zuwa wuya, sau da yawa da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki.

Sai lokacinsa. Yakan zo cikin awa ɗaya bayan cin abinci, ya tsananta idan aka kwanta ko aka sunkuya. Mai cika ciki da sahur ya koma barci ya san wannan.

Na uku, kuma nan ne ake ganganci: ba kowane ciwon ƙirji ne "olsa" ba. Idan ka ji kamar an danne ƙirjin da dutse, ciwon yana sauka hannun hagu ko haɓa, ga zufa, ga sarƙewar numfashi, a tafi asibiti nan take. Yana iya zama zuciya ce.

Idan ƙwannafi ne, bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya ɗagu da santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa jiki kawai yake ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta gefen hagu tana rage haurowar ruwan. A rage soye-soye, yaji, kofi, lemun kwalba da taba.

Cikin magungunan ƙwannafi, Gaviscon ana shan sa bayan abinci da lokacin barci. Omeprazole mai miligiram 20 kuwa minti 30 kafin karin kumallo, kuma kada a wuce kwana 14 ba tare da ganin likita ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ƙara ta'azzara ƙwannafin suke yi.

Wahalar haɗiya, rama ba dalili, aman jini ko baƙin bayan gida, waɗannan ba na kyamis ba ne, na likita ne.