Yadda Magatakarda Zai Rubuta Shaidar da Aka Bayar Bisa Rantsuwa

Magatakardan da aka ɗora wa rubuta bayanin mai shaida a Babbar Kotun Jihar Sakkwato ya sani cewa amana ce a hannunsa, domin abin da alƙalaminsa ya rubuta shi alƙali zai karanta. Da farko sai ya rubuta cikakken sunan mai shaida, da sana'arsa, da mazauninsa, sannan ya rubuta abin da mutumin ya gani ko ya sani, da bakinsa, ba tare da ƙara gishiri ba. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana cusa gardama ko roƙo ko yanke hukunci a cikin takardar rantsuwa.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne idan dattijo ya zo daga Gwadabawa ko Wurno, ba ya jin Turanci, alhali da Turanci ake rubuta takardar. Wajibi ne tafinta ya karanta masa ita layi bayan layi da Hausa, a tabbatar ya fahimta, kafin ya dangwala yatsa, kuma a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan, kamar yadda sashe na 119 ya tanada. A ganina gaggawa a nan zalunci ne.

Idan an goge kalma ko an gyara, kwamishinan rantsuwa, wato jami'in da ke rantsar da mai shaida, ya sa hannu a gefenta. Kada kuma lauyan wanda takardar za ta amfana ya zama shi ne mai rantsar da mutum.