Ku auna iskar taya tun da safe kafin ku kama hanya

'Yan'uwa masu mota a Kumasi, duk wanda zai yi doguwar tafiya, ko zuwa Accra mai nisan kimanin kilomita 250, ko zuwa Tamale ta Techiman da Kintampo, ya auna iskar tayoyinsa da safe tun suna da sanyi.

Tayar da iskarta ta ragu takan baje a kan kwalta, sai injin ya ƙara ƙoƙari kafin ya ja motar, man kuwa yana tafiya ba ku sani ba. Gefenta ma yakan cinye da wuri, kuma takan yi zafi har ta iya fashewa.

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma motoci da yawa suna nuna adadi na biyu domin lokacin da aka cika su da mutane da kaya. Lambar da ke jikin tayar iyakar iskar da za ta ɗauka ce, kada ku bi ta. Ni dai na sayi ɗan ma'auni a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, na ajiye a mota, domin na ga mai faci yana buga taya da ƙafa ya ce ta yi.

Idan kun tsaya a Nkawkaw, a hanyar Accra, kuka ga awon ya hau, kada ku sace iskar, zafin hanya ne ya ɗaga ta.

Wannan dabara ita kaɗai ba za ta isa ta rage muku shan mai ba idan ƙusa ta huda taya tana zubar da iska a hankali, ko kun ɗaura kaya a saman mota, ko kuna taka totur fiye da kima. Ku duba tayar ajiya ita ma.