Yadda ake tantance likitan iyali kafin a ba shi izinin aiki a asibiti

Takardun likita suna nuna inda ya yi karatu. Abin da hannunsa ya iya kuwa, sai an gani da ido. Shi ya sa kwamitin tantancewa na asibiti, ko a cikin garin Sakkwato yake ko a Gwadabawa ko Tambuwal, yake raba aikin gida biyu.

A fara da takardu: shaidar digirin likitanci na MBBS, cikakkiyar rajista da hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci a Najeriya, lasisin aiki na wannan shekarar, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Lasisi duk shekara ake sabunta shi, kuma sai da makin ƙarin ilimi 20, don haka na bara ba ya aiki. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ya kawo shaidar cin jarrabawar MDCN. In ya ce shi kwansaltan ne, wato likitan da ya kammala horon ƙwarewa, ya nuna shaidar ƙwarewa ta FMCFM daga kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko FWACP ta kwalejin Afirka ta Yamma, tare da shaidar cewa MDCN ta yi wa ƙarin cancantar rajista. Wanda ya ci kashi na ɗaya na jarrabawar ƙwarewar kaɗai babban rajistara ne tukuna, wato yana kan horo, bai kai kwansaltan ba. Kada a dogara da fotokwafi. A rubuta wa inda takardar ta fito. Asibitin da ya baro kuma a buga wa shugaban sashen waya, domin takardar yabo kowa yana iya samunta.

Sashe na biyu ne ake yawan tsallakewa, alhali nan ne rai yake. Kada a rubuta "an ba shi izinin tiyata" haka a dunƙule. A bi aiki ɗaya bayan ɗaya: fiɗar haihuwa, afendis, ƙaba, wankin ciki bayan ɓari, ɗibar ruwan laka lokacin sanƙarau. A duba littafin ayyukansa, a raba wanda ya yi da hannunsa da wanda ya tsaya mataimaki, a kuma kalli kwanan wata. Mai fiɗa da yawa da ya shekara uku bai shiga ɗakin tiyata ba yana buƙatar sa ido kamar sabo.

Daga nan a ba shi izinin wucin gadi na wata uku zuwa shida. Wani ƙwararre ya tsaya a kansa a ayyukan farko, ya cike fom nan take, kafin a manta. Asibitin da ba shi da irin wannan mutum ya nemi taimakon UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. A zaro fayilolin marasa lafiyarsa ba tare da ya zaɓa ba. A tambaye shi yadda zai ba mace mai jijjigar juna biyu allurar magnesium sulphate: giram 4 ta jijiya, giram 10 a tsoka, da alamomin da za su sa ya dakata. A ji ta bakin nas-nas da ungozoma, su ne suke tare da shi da tsakar dare.

Izinin ya dace da ƙarfin asibitin ma. Inda babu ajiyar jini, babu mai ba da maganin sa barci, ga janareta ba tabbas, gwanin likita ma bai kamata a sa masa hannu kan babbar tiyata ba. Aikinsa a nan shi ne ya gane matsalar da wuri ya tura maras lafiya babban asibiti.

A sake duba izinin duk shekara biyu, ko nan da nan in ciwuka suna ruɓewa bayan tiyata, ko an rasa mai haihuwa. Duk shawarar rage izini a rubuce za a ba shi, da dalili, da ranar da zai zo ya kare kansa.