Kurakuran da aka fi yi da noun a Turanci, da yadda za a gyara su

Tun a firamare ake haddace mana cewa noun sunan mutum ne ko dabba ko wuri ko wani abu, sai a jero mana proper da common da collective da abstract mu rera shikenan. Toh amma inda yara ke zubar da maki a WAEC da NECO, har manya ma a takardar neman aiki, shi ne wajen rabe sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa, kuma wallahi abin yana damuna don gyaran ba shi da wuya ko kaɗan.

Matsalar daga Hausarmu take tasowa. Mu muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki, sai mutum ya ɗauka a Turanci ma haka ne ya liƙa s a ƙarshe, ka ga an rubuta advices, informations, furnitures, equipments, luggages. Duk ba daidai ba ne. Bature ba ya ƙirga waɗannan, kamar ruwa yake ɗaukar su, ba ka cewa ruwa biyu sai dai kofi biyu na ruwa. Don haka in shawara ɗaya ce sai ka ce a piece of advice, in da yawa ne ka ce some advice ko a lot of advice, haka information da furniture da homework. Kuma dan Allah a daina sa an a gaban advice, "he gave me an advice" kuskure ne duk da ana jin sa a ko'ina. Wajen tambaya ma much ake sawa, "how much luggage", many kuwa na abin da ake ƙirgawa ne, "how many bags".

News kuma nata ya sha bamban, tana da s amma tilo ce, "the news is good" za ka ce, ba are ba. Mathematics da physics ma haka. Police da cattle da people su kuma ba s ɗin jam'i a jikinsu amma jam'i ne, "the police are coming". In ɗan sanda ɗaya kake nufi to a police officer.

Sai staff, wannan kam a ofisoshi ta zama ruwan dare, ka ji mutum da digirinsa yana cewa "I am a staff" ko "all staffs should attend". Staff taron ma'aikatan ne gaba ɗaya, mutum ɗaya ba ya zama taro, abin da za ka ce shi ne a member of staff, sanarwa kuma a rubuta all staff kawai.

Wando a wajenmu ɗaya ne, amma a Turancin Ingila trousers kullum da s take, almakashi ma scissors, in kana so ka ƙirga sai a pair of trousers, two pairs of scissors. Childrens da sheeps da womens kuwa ba sai an daɗe a kansu ba, children da women jam'i ne tun asali, sheep kuma ko guda ko garke sheep ce. Surukai mata mothers-in-law ne, s ɗin a kan mother take zama.

Akwai waɗanda ke cin tudu biyu, a nan sai an lura da ma'ana. Paper ita ce takarda gaba ɗaya, a paper kuma jarida ce ko takardar jarrabawa. Hair gashin kai ne duka, a hair kuwa sili ɗaya ne irin wanda ake tsinta a cikin miya.

Sunan yanka, wato proper noun, babban baƙi yake so ko a tsakiyar jimla, Kano, Maradi, Monday, January, Hausa, English, Islam. Yawan chat a waya ya sa hannu ya saba da ƙananan baƙaƙe, yaro ya shiga jarrabawa ya rubuta kano da friday haka nan, mai duba takarda kuma ba ya yafewa. In kana shakkar wata kalma, buɗe ƙamus irin na Oxford ko Longman, za ka ga an sa U ko uncountable a gefen wadda ba a ƙirgawa, in ka ga haka kar ka sa mata s kuma kar ka sa a ko an a gabanta.